Kundin Zaɓaɓɓun Waƙoƙi: Daga Kamfanonin Landan Zuwa Memorin Direban Birnin Gwari

Kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi faifai ne da ake tattara waƙoƙin mawaƙi da suka fi karɓuwa a cikinsa, bayan sun riga sun fita ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. Ba kasafai ake shiga situdiyo dominsa ba, sai dai a ƙara sabuwar waƙa ɗaya ko biyu don wanda ya riga ya mallaki tsofaffin ya sami dalilin saye. Masu tarihin kiɗa sukan fara lissafin irin wannan faifai daga 1958, lokacin da kamfanin Columbia a Amurka ya fitar da "Johnny's Greatest Hits" na Johnny Mathis. Faifan ya shafe makonni 490 a jadawalin cinikin mujallar Billboard, wato sama da shekara tara. Daga nan kamfanoni suka gane cewa tsohuwar waƙa haja ce da za a iya sayarwa sau biyu.

Cikin waɗanda wannan tsari ya fi dacewa da su akwai mawaƙan da ke aiki su biyu da kayan kiɗa na lantarki. Ɗaya ne ke riƙe da murya, ɗayan yana tsaye a bayan fiyano da kwamfuta, shi ne makaɗi, shi ne 'yan ganga, shi ne mai busa. Kiɗansu na rawa ne, kuma kiɗan rawa da waƙa guda yake shiga kasuwa: a sa ta a rediyo, a taka ta a gidan rawa wata uku ko huɗu, wata ta ture ta. Bayan shekara biyar ko shida, mai sauraro ya san waƙoƙi goma sha wani abu na mutanen nan biyu, amma suna warwatse a faya-fayai daban-daban. Kundin zaɓaɓɓu shi ke haɗa masa su wuri ɗaya.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Pet Shop Boys, wato Neil Tennant da Chris Lowe, waɗanda suka haɗu a wani shagon kayan lantarki a Landan a 1981. Waƙarsu "West End Girls" ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka a 1986. A watan Nuwamba na 1991 suka fitar da "Discography", mai waƙoƙi 18, jere bisa yadda suka fito, biyu daga ciki sababbi. A Nuwamban 1992 Erasure, wato Vince Clarke da Andy Bell, suka fitar da nasu mai waƙoƙi 20, ya kuma hau matsayi na ɗaya a Ingila. Eurythmics, Annie Lennox da Dave Stewart, sun riga su a 1991 da kundin da ya yi mako goma a saman jadawalin ƙasar. Yawan faɗowar irin wannan faifai a watan Nuwamba ba dace ba ne. Gab da Kirsimeti ake cinikin kyauta a Turai, kamar yadda 'yan kasuwar fim na Kano suka daɗe suna ajiye babbar hajarsu sai Sallah ta gabato.

Abin lura a nan shi ne wanda ke yin zaɓen. A Landan akwai jadawalin ciniki na mako-mako, akwai kamfanin da ke riƙe da asalin kowace waƙa, akwai takardar yarjejeniya da ta faɗi kason kowa. Waƙa ta shiga kundi ne saboda alƙaluma sun nuna an saye ta. A ƙasar Hausa ma akwai kiɗan rawa na lantarki, akwai muryoyi biyu, akwai kuma kundin zaɓaɓɓu da ke hannun miliyoyin mutane. Amma ba kamfani ne ya tsara shi ba, kuma sau da yawa mawaƙin da sunansa ke kai bai san an yi shi ba.

Yadda fiyano ya shigo

Waƙar Hausa ta gargajiya ba ta mutum biyu ba ce. Tsarinta shi ne jagora da 'yan amshi da makaɗa: haka Mamman Shata ya yi da kalangu, haka Narambaɗa da kotso, haka Barmani Choge da ƙwaryar amada. Ɗan Maraya Jos, wanda ya tsaya shi kaɗai da kuntiginsa, shi ne ya fita daban. Zaɓen waƙar da ta fi kuwa jama'a ke yinsa. Shirin "Zaɓi Sonka" na Rediyon Kaduna ya shafe shekaru yana karanta katunan masu sauraro daga garuruwa da ƙauyuka, kuma waƙar da aka fi nema ita ce aka fi ji. Wannan shi ne jadawalin cinikin Arewa na wancan zamani, duk da ba wanda ya buga shi a jarida.

Muryar namiji da mace suna musayar baiti ta shigo ne ta ƙofar silima. Finafinan Indiya sun mamaye gidajen silima na Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato tun kafin bidiyo, kuma kunnen Bahaushe ya saba da Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar suna mayar wa juna. A can ma akwai masu aiki bibbiyu, irin su Laxmikant da Pyarelal masu tsara kiɗa. Da shekarun 1980 suka kama, kiɗan disko na lantarki ya shiga finafinan: "Disco Dancer" na 1982, da kiɗan Bappi Lahiri, yana cikin waɗanda matasan Arewa suka haddace. Shekara guda kafin shi, ya da ƙane, Nazia Hassan da Zoheb Hassan 'yan Pakistan, sun fitar da "Disco Deewane", wanda Biddu ya tsara musu kiɗansa a Landan. Su ne mafi kusa da Pet Shop Boys da kudancin Asiya ya samar, kuma irin sautinsu ya iso Arewa a cikin finafinai.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Masu kiɗan farko da ƙananan fiyano na Casio suka yi aiki. Canji na gaske ya zo a tsakiyar shekarun 1990, da situdiyon Iyan-Tama na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi dogon rubutu a kan wannan mataki. Na'urar tana ɗauke da sautuka da yawa a cikinta, kuma makaɗan Kano suka lalubo waɗanda suka yi kama da sarewa da kalangu da garaya, suka ɗora su a kan bugun da na'urar ke maimaitawa da kanta. Da "Sangaya" na kamfanin Sarauniya ya fito a ƙarshen shekarun 1990, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, waƙoƙinsa suka cika gari tun daga shagon tela har motar haya. "Wasila" ya biyo baya a 2000. Daga nan ya zama da wuya furodusa ya kai fim kasuwa ba waƙa da rawa a ciki. Wannan kiɗa ne aka riƙa kira kiɗan fiyano, waƙoƙin kuma na nanaye.

Su waye mutum biyun

A waƙar nanaye ana iya ganin "biyu" ta fuska biyu. Ta fuskar mai sauraro, namiji ne da mace. Ta fuskar aiki kuwa, mawaƙi ne da mai kiɗa, daidai da rabon aikin Tennant da Lowe. Bambancin shi ne a Kano ba a ɗaure haɗin da suna guda ba. Mawaƙi yakan rubuta waƙarsa, har da baitocin da macen za ta rera, ya je situdiyon da ya ga dama, mai kiɗa ya haɗa masa sauti, a kira mai amshi ta ɗora murya, a biya kowa a tashi. Gobe mawaƙin yana wani situdiyo da wata muryar, ita ma tana wani da wani.

Saboda haka muryoyin mata kaɗan ne suka ɗauki nauyin dubban waƙoƙi. A zamanin farko akwai Rabi Mustapha tare da maza irin su Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim da Sani Yusuf Ayagi. Bayansu aka sami Fati Nijar, wadda ta zo Kano daga Maraɗi, da Maryam A. Baba mai Sangandale, da Fantimoti, da Zuwaira Isma'il, da Murja Baba, sannan daga baya Khairat Abdullahi da Shamsiyya Sadi. A ɓangaren maza, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef na Kaduna, Nazifi Asnanic da Ali Jita sun yi tashe daga ƙarshen shekarun 2000. Adam A. Zango kuwa ta kujerar mai kiɗa ya shigo harkar kafin ya zama jarumi. A fim, jarumi da jaruma ne ke motsa baki, su ake gani, su ake so, mai muryar kuma tana can ba a san fuskarta ba. Wannan ma daga Indiya aka gado shi.

Da kwamfuta ta shiga situdiyoyin Zoo Road da sauran unguwannin Kano, manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka karɓi rabin aikin fiyano. Sai kuma Auto-Tune, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, wadda duniya ta fara lura da ita a waƙar "Believe" ta Cher a 1998. An ƙirƙire ta ne don ta gyara kuskuren mawaƙi a ɓoye. Masu kiɗan Kano suka murɗa ta har ƙarshe, muryar mace ta koma siririya tana kaɗawa kamar ta ƙarfe, kuma wannan ya zama tambarin waƙar Hausa ta zamani. Masu suka suna cewa ya rufa wa marasa murya asiri, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sautin ya yi tasirin da ya tsallake iyaka. A 2008 mawaƙin Abzinawa Mdou Moctar ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar", da irin wannan gyaran murya da bugun na'ura, kuma waƙoƙin suka bazu a Sahara ta wayar hannu kafin a san shi a Turai.

Idan ana neman mutum biyu masu suna guda da suka yi kiɗan rawa suka kuma fito daga Arewa, sai a dubi Jos. Can aka haifi tagwayen nan Peter da Paul Okoye a 1981, waɗanda suka zama P-Square. Daga "Last Nite" na 2003 zuwa "Get Squared" na 2005, "Game Over" na 2007, "Danger" na 2009 da "The Invasion" na 2011, waƙoƙinsu sun shiga bukukuwan Kaduna da Kano kamar yadda suka shiga na Legas. Sun rabu a 2017, suka shirya a 2021, sannan rigimar ta sake tashi. Su kam suna da kamfaninsu da lauyoyinsu. Duk da haka, tarin waƙoƙinsu da ya fi yawo a tashoshin mota shi ne wanda 'yan kasuwar Alaba ta Legas suka harhaɗa, da hoton tagwayen a bango da waƙoƙin wasu a cike gurbi.

Kaset, sidi, memori

Kowace na'ura da irin zaɓen da take tilasta wa mai harhaɗawa. Kaset na minti 60 ko 90 ne, gefe biyu. Waƙar nanaye doguwa ce, takan kai minti shida zuwa takwas, don haka waƙa goma ta cika kaset. Mai shagon kaset a Ƙofar Wambai ko Bata a Kano dole ya yi tunani kafin ya danna maɓallin ɗauka: wacce za ta buɗe gefen farko, wacce za a bari. Da yawa daga kaset-kaset ɗin nan na odar mai saye ne. Saurayi ya kawo jerin waƙoƙin da yake so a takarda, a ɗaukar masa, ya kai wa budurwa. Direba ya ce a haɗa masa masu zafi zalla don kada barci ya ɗauke shi. A wannan zamani, kundin zaɓaɓɓu aiki ne na kunne da sanin mutane, kuma mai shagon da ya iya jeri ya fi maƙwabcinsa ciniki.

Faifan sidi na sauti bai wuce minti 80 ba, bai canza lissafin sosai ba. Tsarin MP3 ne ya rushe shi, domin faifai ɗaya ya koma ɗaukar waƙa sama da ɗari. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma kafin shekara goma wayoyi masu araha da ke karɓar memori da bulutut sun kai ƙauye. Nan sana'ar masu tura waƙa ta kafu: matashi da kwamfuta a kan teburi, a Farm Centre ta Kano ko a bakin kowace tasha, galibi haɗe da cajin waya. Ba ya sayar da waƙa ɗaya-ɗaya. Awo yake yi kamar mai hatsi da mudu, gwargwadon girman memorin da aka miƙo masa da kuɗin da aka biya.

A cikin kwamfutarsa waƙoƙin suna jere a jaka-jaka, kowace da sunan mawaƙi ko da wani take irin "zafafa" ko "tsofaffi" ko "na biki". Jakar da ke ɗauke da sunan mawaƙi ita ce kundin zaɓaɓɓunsa a aikace. Abin da ya shiga cikinta ya shiga ne domin masu saye sun yi ta tambayarsa, abin da ba a tambaya kuma yakan faɗi a hanya yayin da ake kwafa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Tacewa ce ta gaske, kuma ana iya cewa ta fi ta kamfani gaskiya, tunda babu mai tallata waƙar da ba ta karɓu ba. Illarta a bayyane take. Ba shekara, ba jeri, ba sunan fim ɗin da waƙar ta fito. Waƙar wani takan shiga jakar wani don muryoyin sun yi kama. Macen da ta rera rabin baitocin kuwa sau da yawa ba ta da jaka ko kaɗan, tana rarrabe a cikin jakunkunan maza goma.

Mawaƙan sun sami maganin wannan tun da wuri, kuma maganin gargajiya ne. A baitin ƙarshe, ko a farkon waƙa kafin a shiga amshi, mawaƙi yakan ambaci sunansa, da na mai kiɗa, da na situdiyo, wani lokaci da na wadda ke masa amshi. Makaɗan fada ma haka suke gabatar da kansu da yaransu a cikin waƙa. Bangon kaset yana yagewa, sunan da aka rubuta a memori kowa na iya sauya shi, amma sunan da aka rera yana tafiya da waƙar duk inda aka tura ta. Mai binciken da zai rubuta tarihin makaɗan fiyano na Kano da Kaduna zai fi samun sunayensu a bakin mawaƙa fiye da a kowace takarda.

Akwai lokacin da hukuma da kanta ta tsara wa jama'a kundi ba da niyya ba. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma daga 2007, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, takun-saƙa tsakaninta da 'yan fim da mawaƙa ya yi tsanani. A shekarar ne aka ɗaure Adam A. Zango kan kundin bidiyonsa "Bahaushiya". A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Oyoyo" ta Zango, "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa. Yawancinsu ba a kasuwa aka sayar da su ba, ta bulutut suke yawo daga waya zuwa waya. Sanar da jerin sunayen ya zama talla, domin wanda bai taɓa jin wasu daga ciki ba ya san abin da zai nema.

Hanyar Birnin Gwari

Misalin garin da irin wannan kundi ke isa shi ne Birnin Gwari, mai nisan kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Buruku ta wuce Tegina, Mokwa da Jebba zuwa Ilori da Legas. Wata hanyar kuma ta gangaro daga Funtuwa ta haɗe da ita. Ƙaramar hukumar tana iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja, kuma a cikinta gandun dajin Kamuku yake, wanda aka mayar na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana. Ƙasa ce ta masara da dawa da shanu, masarauta ce a ƙarƙashin Sarki Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, kuma zango ne na manyan motocin da ke kai kaya kudu.

Garin da ke kan irin wannan hanya ba ya jiran rediyo ya kawo masa sabuwar waƙa. Direban tirela da yaron mota da fasinjan da ya taso daga Kano su ne masu dakonta. A zamanin kaset a aljihun gaban mota take zuwa, a zamanin memori a cikin waya. Abin da ya taso daga Kano ko Funtuwa ya haɗu a tasha da abin da ya hauro daga Legas, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ji Umar M. Shareef da P-Square da karatun wani malami a memori guda. Direba mai doguwar tafiya shi ne mafi tsananin alƙalin kundi, domin zai saurari jeri ɗaya sau da yawa kafin ya kai Legas, kuma waƙar da ta gundure shi ba za ta dawo tare da shi ba.

Rashin tsaro ya taɓa wannan zirga-zirga kamar yadda ya taɓa komai. Daga tsakiyar shekarun 2010 hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama ɗaya daga cikin mafi haɗari a ƙasar, saboda 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da ke fitowa daga dajin, har matafiya suka koma jiran rakiyar jami'an tsaro. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma saura. Kiɗan fiyano kiɗan biki ne, kuma inda tsoro ya hana taron dare, mai kayan sauti da janareta ba shi da wurin kafa lasifika. Sauraro ya koma na mutum da wayarsa.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, tare da hana hawa babur da rufe wasu kasuwannin mako, don toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun labari da kaya. An maido da layukan a ƙarshen Nuwamba. A watanni biyun nan ba kira, ba intanet, ba YouTube. Duk wanda ya saurari waƙa a waya a lokacin, abin da ke cikin memorinsa ya saurara, ko abin da na kusa da shi ya tura masa ta bulutut ko manhajar Xender, waɗanda ba sa buƙatar sabis. Masu cewa zamanin memori ya wuce daga birane masu wadatar data suke magana. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, motoci suka ƙaru a hanya, tasha ta sake samun masu saye da masu tura waƙa.

Kundin da aka buga a waje

Waƙar fiyano ta sami kundi irin na kamfani, mai bango da jerin suna, amma daga nesa ya zo. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya fara da tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a Kidal ta arewacin Mali, ya fitar da su a 2011 da sunan "Music from Saharan Cellphones", inda waƙar Mdou Moctar ta Sakkwato ta fito. A 2013 ya fitar da "Harafin So", tarin waƙoƙin finafinan Hausa da ya samo a Kano, da muryar Fati Nijar a cikin waɗanda ke ciki, an buga shi a faifan garmaho don masu saye a Amurka da Turai. A shekarar ce kuma ya sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka a Yamai tun 1978. Zaɓen Kirkley zaɓen baƙo ne, kunnensa ya fi karkata ga abin da zai ba Bature mamaki, ba lalle abin da amare suka fi taka rawa da shi ba. Amma ya nemi masu waƙoƙin, ya rubuta sunayensu, abin da kasuwar gida ba ta saba yi ba.

Dalilin da ya hana mawaƙan Hausa yin nasu kundin zaɓaɓɓu ba rashin waƙoƙi ba ne. Nura M. Inuwa kaɗai ya daɗe yana fitar da kundi kusan kowace shekara. Matsalar ta mallaka ce. Waƙar da aka yi wa fim, furodusa ya biya ta sau ɗaya, shi kuma ya sayar wa ɗan kasuwa fim ɗin. Waƙar biki ta ango ce da amarya, ta siyasa ta ɗan takara. Asalin sautin yana cikin kwamfutar situdiyo, kuma situdiyo yakan rufe, kwamfuta takan lalace. Wanda zai haɗa waƙoƙi 18 na murya biyu daga 1999 zuwa 2010 bisa ƙa'ida, sai ya nemi izinin mutane da yawa da ba su taɓa sa hannu a takarda ɗaya ba, kuma a ƙarshe wataƙila kwafin da zai samu shi ne wanda aka matse aka tura sau ɗari. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan da ke intanet, amma ba ta warware cinikin baka da aka yi shekara ashirin da suka wuce ba.

Intanet ta kawo abin da Arewa ba ta taɓa samu ba, wato alƙaluma a fili. A YouTube da Audiomack da Boomplay kowa na ganin sau nawa aka saurari waƙa, kuma "Jaruma" ta Hamisu Breaker a 2020 ta nuna yadda bidiyon rawa da mata suka riƙa ɗorawa zai iya ɗaga waƙa cikin makonni. Mawaƙan yanzu suna buɗe tasharsu, suna karɓar kuɗi kai tsaye, suna kuma rubuta sunan mai amshi kusa da nasu fiye da da. Tsofaffin waƙoƙin kuwa, na zamanin "Sangaya" da "Wasila", galibi wasu ne ke ɗora su, a haɗe cikin dogon sauti na awa ɗaya ko biyu, da hoton mawaƙi da taken zafafan waƙoƙinsa. Daga nan masu tura waƙa na garuruwa irin Birnin Gwari ke sauke su idan sabis ya yi ƙarfi, su zuba a kwamfuta, su ci gaba da sayarwa ga waɗanda kuɗin data ya fi ƙarfinsu.